Miyagun Ƙarafa a Gona da Takin Ƙananan Sinadarai: Jan Hankali ga Ƙasar Dutse

Lacca ce da aka gabatar a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a Dutse



Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba mu wannan dama mu tattauna a kan wani al'amari wanda ba safai akan ji shi a dandali ko a gidan rediyo ba, ko da yake ya shafi tuwon da kowannenmu zai ci yau da dare. Al'amarin kuwa shi ne gubar miyagun ƙarafa da ke shiga cikin amfanin gona, da kuma irin taimakon da takin ƙananan sinadarai zai iya yi wajen tare ta. Za mu bayyana mene ne waɗannan ƙarafa, da hanyoyin da suke bi su iso gonakin Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga, da yadda suke shiga jikin shuka, sa'an nan mu faɗi abin da taki zai iya yi da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Abin da ake nufi da miyagun ƙarafa

Masana sun ƙidaya sinadarai 17 waɗanda shuka ba ta rayuwa sai da su. Daga cikinsu akwai manya, irin su naitirojin da fosfaras da fotasiyam, waɗanda manomi ya sani a cikin buhun kamfa da yuriya da sufa. Akwai kuma ƙanana guda 8, watau baƙin ƙarfe, da tutiya wadda ake kira zinki, da manganis, da jan ƙarfe, da boron, da molibdinam, da kulorin, da nikel. An kira su ƙanana ne domin kaɗan shuka take bukata. Alal misali, hekta guda ta masara takan so kilo 100 zuwa 120 na naitirojin a damina, amma tutiyar da za ta ɗauka daga ƙasa ba ta kai rabin kilo ba. Duk da haka in babu wannan ɗan kaɗan, to masarar za ta tsumbure, ganyenta ya yi fari-fari, ko da an zuba mata yuriya buhu nawa.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗansu ƙarafa da shuka ba ta bukatarsu ko kaɗan, sai dai cutarwa. Manyansu su ne dalma, da kadmiyam, da zaiba, da kuromiyam, sai kuma arsanik wanda ake lissafa shi tare da su ko da yake ba cikakken ƙarfe ba ne. Abin da ya bambanta su da maganin ƙwari shi ne ba sa ruɓewa. Maganin feshi rana da ruwa da ƙwayoyin halittar ƙasa sukan warware shi a hankali, amma dalmar da ta shiga gona bana, jikokinmu za su tarar da ita in ba a kwashe ƙasar ba. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Don mu gane ƙanƙantar abin da ke cutarwa, sai mu dubi ƙa'idar hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963. Ta ce kada kadmiyam ya wuce miligiram 0.4 a kilo guda na gyararriyar shinkafa, da 0.2 a alkama, da 0.2 a ganyayen miya da na kwaɗo. Ma'anar wannan ita ce, a buhun shinkafa mai kilo 100, kadmiyam ɗin da nauyinsa ya zarce na ƙwayar shinkafa biyu ya isa ya sa a ce buhun ya keta ƙa'ida. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya ɗanɗana shi, wuta kuma ba ta kashe shi a tukunya.

Abin da ya sami waɗansu

A ƙasar Japan, a lardin Toyama, akwai wani kogi mai suna Jinzu wanda manoma ke ban-ruwan shinkafa da shi. A can sama da kogin akwai ma'adinin Kamiyoka inda a da ake haƙar tutiya da dalma, dattin ma'adinin kuwa yana ɗauke da kadmiyam. Shekaru da dama mutane suna cin shinkafar suna shan ruwan, har wata cuta ta bayyana wadda ke lalata ƙoda, ta sa ƙashi ya yi laushi yana karyewa. Yawancin waɗanda ta kama mata ne manya da suka yi haihuwa da yawa. Saboda kukan da majinyatan ke yi na zafin ciwo aka sa mata suna Itai-itai, kuma a 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyam ne sanadinta. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasar gonakin da sauya ta da wata an fara shi a 1979, ba a gama ba sai a 2012. Ku duba fa, ƙasa mai arzikin Japan sai da ta shafe shekara 33.

A Sin kuma, binciken ƙasa da gwamnati ta bayyana a 2014 ya nuna cewa kashi 19.4 cikin ɗari na wuraren da aka auna a gonaki sun zarce ƙa'idar gurɓata, kadmiyam ne kuwa kan gaba.

Mu a nan gida ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya kuma Bagega. An gano cewa duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje suna cike da dalma, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gaskiya ne cewa a waɗannan wurare ƙurar dutsen ce ta fi yin ɓarna, ta hanyar hannun yara da tsakar gida da turame da injinan niƙa da ake sa hatsi a cikinsu bayan an niƙa dutse. Amma darasin ɗaya ne: ƙarfen da ba a gani yana kisa, kuma yaran talakawa yake fara ɗauka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Hanyoyin da guba ke bi zuwa gonakinmu

Wani zai ce, ai Dutse ba garin masana'antu ba ne, me ya kawo wannan magana nan? Lalle tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ran 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birninta, gari ne na ma'aikata da manoma da ɗalibai. Wannan kuwa sa'a ce, domin mu maganar rigakafi muke yi, waɗansu kuwa maganar magani suke yi. Amma akwai ƙofofi huɗu da ya kamata mu sa wa ido.

Ta farko ita ce kogi. Kogin Haɗeja da ke ratsa ƙasar Ringim ya bi ta fadamun Jahun da Miga har Auyo, ba a Jigawa ya faro ba. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu a wajen Tamburawa suka zama shi, ya bi ta Wudil ya shigo mana. Kogin Challawa kuwa shi ne ke karɓar ruwan dattin masana'antun Challawa, da na Sharaɗa ta hanyar rafin Salanta, kuma da yawa daga cikin masana'antun nan na jima ne, waɗanda ke aiki da kuromiyam. Haka ruwan Bompai ke bi ta rafin Getsi zuwa Jakara. Malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna auna ruwa da laka da kayan lambu a gefen waɗannan rafuka suna samun ƙarafan nan. Nisa da yawan ruwa suna rage ƙarfin gubar kafin ta iso nan, amma ƙarfe yakan maƙale a jikin laka, laka kuwa tafiya take yi, musamman a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da kogin ya shimfiɗa taɓo a kan gonakin shinkafa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ƙofa ta biyu ita ce shara. Al'adar kai shara da toka da kashin dabbobi gona tsohuwar hikima ce ta ƙasar Kano, wadda Dutse ke cikinta a da. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa jakunan da ke fita da taki daga birni suna cikin abin da ya riƙe albarkar gonakin yankin duk da yawan jama'a. Amma sharar wancan zamani toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki. Ta yau kuwa akwai matattun batura na tocila da rediyo, da fasassun wayoyin hannu, da ƙwan lantarki, da gwangwanayen fenti, da tokar tayoyin da aka ƙona. Manomin da ya sayi tifa guda ta shara daga bola ya watsa a gonarsa, ya sami taki, haka ne, amma ya sayi abin da ke cikinta duka.

Ta uku ita ce ƙananan sana'o'in cikin gari: masu gyaran batirin mota da na sola da ke zubar da ruwan batir a ƙasa, da masu narka dalma, da garejin da baƙin mai ke malala cikin kwata. Sau da yawa a ƙarshen kwatar nan za ka tarar da ɗan lambu na alayyafo da latas yana shan ruwanta da rani. Haka kuma ƙasar gefen tsofaffin manyan hanyoyi tana riƙe da dalmar man fetur na da, domin sai bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka tashi haiƙan suka daina sa dalma a fetur.

Ta huɗu, wadda za ta ba ku mamaki, ita ce takin zamanin kansa. Dutsen da ake yin takin fosfet da shi, musamman irin na Maroko da Togo da Senegal, yana da kadmiyam a cikinsa tun daga halitta, wani ya fi wani yawa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 da ta iyakance shi a miligiram 60 cikin kowane kilo na sinadarin fosfet ɗin takin. Kaɗan ne ke shiga gona a shekara, amma taruwa yake yi.

Daɗin daɗawa kuma, irin ƙasarmu tana da nata rauni. Sunan jiharmu ma daga ƙasar aka samo shi, watau jigawa, tudu mai rairayi. Ƙasa mai yumɓu da ruɓaɓɓen taki takan kama ƙarfe ta riƙe shi kada ya narke, rairayi kuwa ba shi da wannan riƙo, don haka ɗan abin da ya shiga yana nan a sake, saiwa za ta iya sha. Kuma irin wannan ƙasa da aka daɗe ana nomawa, ana ba ta kamfa da yuriya kaɗai tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, ita ce ta fi saurin rasa tutiya da sauran ƙananan sinadarai. Wannan rashi shi ne ya kawo mu ga ainihin maganarmu.

Yadda guba ke shiga shuka

Saiwar shuka ba ta shan duk abin da ta tarar. A jikin fatarta akwai waɗansu ƙananan ƙofofi, kowace da abin da aka yi ta domin shi: wannan ta tutiya, wannan ta baƙin ƙarfe, wannan ta manganis, waccan ta fosfet. Babu ƙofar da aka yi domin kadmiyam ko arsanik. To yaya suke shiga? Ta hanyar kamanni. Kadmiyam ɗan'uwan tutiya ne a jerin sinadarai, a ƙasa da ita yake a layi guda, a ma'adini ma tare ake samunsu, don haka mai gadin ƙofar tutiya yakan ɗauke shi tamkar ita. Haka yake bi ta ƙofar baƙin ƙarfe da ta manganis. Arsanik kuma, in a busasshiyar ƙasa ne sai ya yi shigar fosfet, in kuwa a cikin ruwan shinkafa ne sai ya bi ta ƙofar silikon, abin da masana a Japan da Ingila suka tabbatar a 2008.

Wani abin lura shi ne, idan shuka ta ji yunwar tutiya ko baƙin ƙarfe, sai ta ƙara yawan ƙofofin nan a saiwarta, ta kuma fitar da wani ruwa mai narkar da ƙarafan da ke kewaye da ita, don ta sami abin da ta rasa. In akwai kadmiyam a wurin, shi ma an narkar da shi an kuma buɗe masa hanya. Watau shukar da ke cikin yunwa ta fi ƙosasshiya shan guba, ko da gonarsu ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In gubar ta shiga, ɓarnar da take yi iri biyu ce. Da fari takan ture ƙarafan kirki daga mazauninsu a cikin sinadaran da ke gudanar da aikin shuka, sai aikin ya tsaya, ganye ya ɗashe, saiwa ta gajarce ta yi duhu. Na biyu takan haddasa wani irin ƙuna a cikin ƙwayoyin halitta, mai kama da tsatsar da ke cin ƙarfe. Shuka tana da dakarunta na kashe wannan ƙuna, amma dakarun nan su kansu da tutiya da jan ƙarfe da manganis da baƙin ƙarfe aka gina su.

Abin da takin ƙananan sinadarai ke yi

Daga wannan bayani za ku ga dabarar da kanku. Idan aka ƙosar da shuka da tutiya, abu uku ne ke faruwa: tutiyar za ta yi gogayya da kadmiyam a bakin ƙofa, shukar za ta rage yawan ƙofofin da ta buɗe, kuma dakarunta na ciki za su sami kayan aiki. An gwada wannan a gona. A Kudancin Ostareliya, cikin shekarun 1990, an zuba 'yan kilo kaɗan na tutiya a hekta a gonakin alkama masu ƙarancinta, sai kadmiyam ɗin da ke cikin ƙwayar ya ragu, a waɗansu gonakin har kusan rabi. A Turkiyya kuma, a wannan lokacin, Farfesa Ismail Cakmak da abokan aikinsa suka gano cewa rashin tutiya ne ke danne alkamar tsakiyar Anatoliya, kuma da aka fara haɗa ta cikin takin kamfa sai amfani ya ƙaru ƙwarai. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da a yankin Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkamar rani na ƙasa a ƙarshen 2023.

Game da shinkafa, a 2012 masana a Japan suka gano cewa babbar ƙofar da kadmiyam ke bi ita ce ta manganis, har suka samar da irin shinkafar da wannan ƙofa tata ta toshe, wadda kusan ba ta ɗaukar kadmiyam ko a gurɓatacciyar ƙasa. Baƙin ƙarfe kuma yana da nasa aiki: duk wanda ya taɓa tuge shinkafa a fadama ya ga jan tsatsa a jikin saiwarta, wannan tsatsar kuwa takan kama wani kaso na arsanik da sauran ƙarafa ta tsare su a waje.

Akwai kuma sinadarai biyu da ba sa cikin takwas ɗin nan amma suna taimakawa. Silikon yana gogayya da arsanik a ƙofa guda, yana kuma ƙarfafa karan shinkafa kada ta kwanta. Ba sai mun saye shi daga waje ba, domin ɓuntun shinkafar da ke tare tsibi-tsibi a bayan injinan casa cike yake da shi, kuma mai da ɓuntun ko tokarsa gona mayar wa ƙasa abinta ne. Seleniyam shi ma yana rage ƙunan da ƙarafa ke yi, kuma ƙasar Finlan tana sa shi cikin takinta tun 1984 don lafiyar jama'arta, amma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarsa ƙanƙanuwa ce, ba abin da za a bar wa kowa ya auna da hannu ba ne.

Dangane da yadda ake sa tutiya, hanya biyu ce aka fi sani. Ko dai a haɗa zinki-sulfet da ƙasa lokacin shuka, kimanin kilo 25 a hekta, watau kilo 10 a eka, wanda amfaninsa kan kai shekara biyu ko uku ba a sake ba. Ko kuma a fesa a ganye, giram 5 a kowace lita ta ruwa, watau giram 100 a tankin goyo mai lita 20, da yamma in rana ta yi sanyi, lokacin da hatsi ya yi ciki da kuma bayan ya fid da kai. Feshin ganye shi ya fi kai tutiya cikin ƙwaya. Wannan kuwa riba ce ta biyu, domin jikin mutum ma haka yake: hanjin wanda ke da ƙarancin baƙin ƙarfe ya fi tsotse kadmiyam daga abinci, shi ya sa mata masu ciki da masu goyo da yara suka fi shiga haɗari. Hatsin da ke da isasshiyar tutiya da baƙin ƙarfe yana kare mai cinsa ta fuska biyu ke nan.

Inda ƙarfin taki ya tsaya

Yanzu sai mu zo ga gargaɗi, kuma muna roƙon waɗanda za su zama malaman gona su saurara da kyau, kada a fita nan a ce an samo maganin guba a buhu.

Da farko, taki ba ya cire ƙarfe daga ƙasa. Rage shigarsa cikin shuka kawai yake yi, gubar tana nan tana jira.

Na biyu, lafiyar shuka daban, lafiyar mai ci daban. Kadmiyam yakan kai matsayin cutar da mutum tun shuka ba ta nuna alamar komai ba, musamman a latas da alayyafo da ganyen taba, waɗanda suka fi tara shi. Taki zai iya sa ganye ya yi shar, ya yi kyau a kasuwar Shuwarin, alhali abin da ke cikinsa bai sauka ƙasa da ƙa'ida ba. Kadmiyam kuwa in ya shiga ƙoda yakan shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Awo a ɗakin bincike shi kaɗai ke raba gardama.

Na uku, tutiya tana aiki sosai ne a ƙasar da ke da ƙarancinta. Inda take isasshiya, ƙari ba ya rage kadmiyam yadda ake fata, wani lokaci ma yakan ture shi daga jikin ƙasa ya shiga ruwa. Kuma kada mu manta tutiya da jan ƙarfe da manganis da nikel su ma ƙarafa ne, in sun yi yawa guba suke zama. Boron kuwa ɗan ƙari kaɗan ya isa ya ƙona gefen ganye.

Na huɗu, dalma ba ta cika hawa zuwa ƙwayar hatsi ba, yawancinta a saiwa take tsayawa. Hanyarta zuwa cikinmu ita ce ƙura da ƙasar da ke maƙale a ganye da karas, da shanyar hatsi da barkono a gefen kwalta. Maganin wannan wanki ne da fere bawo da shanya a kan tabarma nesa da hanya.

Na biyar, takin da aka sayo don kariya shi kansa zai iya zama hanyar gubar. Tun da tutiya da kadmiyam tare suke a ma'adini, zinki-sulfet mai arha da aka yi daga dattin masana'antu yakan zo da kadmiyam da dalma. A Amurka wata jarida ta birnin Siyatil ta fallasa irin wannan a 1997, har gwamnati ta yi ƙa'ida a kai a 2002. A Afirka ta Kudu kuma, a tsakiyar shekarun 2000, manoman abarba na lardin Gabashin Kef sun yi babbar asara, domin takin tutiyar da aka shigo da shi yana da kadmiyam, aka ƙi karɓar kayansu a kasuwannin waje. Jihar da ke fitar da riɗi da zoɓo ta Maigatari ya kamata ta riƙe wannan labari.

Saboda haka takin nan sai an haɗa shi da waɗansu dabaru. Ƙasa mai tsami, wadda ma'auninta na pH ya sauka ƙasa da 6, ita ta fi sakin kadmiyam, yawan yuriya shekara da shekaru kuwa yana ƙara tsami. Farar ƙasa da tokar itace mai tsabta suna gyara wannan. Takin dabbobi da ya ruɓe yana ba rairayi riƙon da ya rasa. A gonar shinkafa, barin ruwa ya kwanta lokacin fid da kai yana rage kadmiyam amma yana ƙara arsanik, janye ruwan kuma akasin haka yake yi, don haka sai an san wanne ne ke ƙasar kafin a ba da shawara. Wurin da ya riga ya ɓaci ƙwarai kuwa, a daina noman ganye a cikinsa, a dasa itatuwan katako ko na inuwa.

Aikin da ke gabanmu

Ya ku 'yan'uwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomi zai iya yi shi kaɗai. Ba shi da na'urar awo, ba ya iya karanta abin da aka rubuta a buhu da Turanci, kuma ba shi ne ke ba masana'anta lasisi ba. Aikin namu ne, mu da aka ilmantar da dukiyar jama'a.

Ga ɗalibai, musamman na aikin gona da kimiyyar sinadarai da nazarin muhalli a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011: kowace shekara ana rubuta kundayen kammala karatu masu yawa, su ƙare a kan kanta suna shan ƙura. Da za a tsara su, wannan ya auna lambunan da ke gefen kwatocin gari, wannan gonakin da ake zuba wa shara, wancan fadamun Warwade da na bakin Kogin Haɗeja, a bi hanyar awo iri ɗaya, a riƙa komawa wuri ɗaya kowace shekara, da cikin ɗan lokaci an sami taswirar da za ta nuna inda tutiya ta yi ƙaranci da inda guba ta fara taruwa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero suna da ƙwarewar da za a jingina da ita. Sakamakon kuma a fassara shi da Hausa a kai wa masu gonakin da aka ɗebi ƙasarsu, domin haƙƙinsu ne.

Ga matasan ma'aikata kuwa, akwai doka a hannunku. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta ba da ikon yi wa masu haɗa taki da masu sayarwa rajista da binciken kayansu, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma tana da ƙa'idojin ruwan dattin masana'antu. Wanda ke ofishin sayen taki ya nemi takardar awon kadmiyam da dalma kafin ya sa hannu, ya kuma aika da samfur a sake aunawa. Wanda ke hukumar JARDA ya sa maganar tutiya da tsamin ƙasa cikin abin da malaman gona ke koyarwa. Wanda ke sashen tsabtar gari ya ware wurin tara matattun batura dabam da bola, ya hana noman ganye da ruwan kwatar gareji. Maganar kogi kuma ta wuce jiha ɗaya, sai Jigawa da Kano da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are sun zauna tare, kuma mu da ke ƙasan ruwa mu ne ya kamata mu fi matsawa a zauna.

Dutse tana girma, unguwanni suna cinye gonaki, shara tana ƙaruwa, ana kuma kiran masu masana'antu su zo su zuba jari. Muna maraba da su, amma yanzu ne lokacin shimfiɗa sharaɗi, tun ba a aza tubali ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin auna ƙasar ƙaramar hukuma guda bai kai abin da za a kashe wajen kwashe ƙasar ƙauye ɗaya ba in ta ɓaci, balle a yi maganar yaran da ba za a iya mayar musu da lafiyarsu ba.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya ba mu damina mai albarka da abinci mai lafiya.